Ƙananan tagullan Igor Mitoraj: abin da mai saye zai duba kafin ya taya

A gidajen gwanjon Faris, Milan da Warsaw, ƙananan mutum-mutumin tagulla na Igor Mitoraj, masassaƙi ɗan ƙasar Polan, suna cikin kayan da ba sa daɗewa ba su fito ba. Guda uku ne suka fi yawo: Persée da Asclépios, dukansu na 1988, sai Centurione II na 1986. Akwai kuma Tête Secrète na 1978, wanda ya fi su wuyar samu. Hukuncinmu a kansu tun daga farko shi ne, aiki ne na ƙwarai, kuma tunanin mai shi yana cikinsu sosai, amma an zuba su da yawa, ingancinsu bai zo ɗaya ba, kuma jabu ya shiga cikinsu. Wanda ya saya da ido rufe zai iya biyan kuɗin Mitoraj ya tafi gida da aikin wani.

Persée da Asclépios kamar wa da ƙane suke. Kowannensu ƙirji ne da wuya da ƙasan fuska, an yanke saman kan, an kuma yanka wani ɗan gurbi mai kusurwa huɗu a ƙirjin. Tsayin tagullar kaɗai wajen santimita 38 ne, faɗinta wajen 28, kuma galibi tana tsaye ne a kan dutsen tarabatin, wani farin dutse mai ramuka-ramuka da Italiya ta yi suna da shi. Bayansu a buɗe yake kamar sulke, ba curi ba ne. Sunayen daga tatsuniyoyin Girkawa suka fito: Persée shi ne jarumin da ya sare kan Medusa, Asclépios kuma shi suke dangantawa da magani da warkarwa. Centurione II ɓangaren fuska ne kawai, tsayinsa bai kai santimita 20 ba, sunansa kuma na hafsan sojan Rum ne mai riƙe da mutum ɗari. Tête Secrète ɗan ƙaramin kai ne da aka naɗe da ƙyalle kamar an yi masa bandeji, yana zama a tafin hannu.

Duk wannan yanke-yanke da naɗe-naɗe da gangan aka yi su, kuma sai an san mutumin za a gane dalili. An haife shi ranar 26 ga Maris 1944 a Oederan ta ƙasar Jamus, inda aka kai mahaifiyarsa 'yar Polan aikin tilas a lokacin yaƙi. Mahaifinsa sojan Faransa ne da ke tsare a hannun Jamusawa. Bayan yaƙi uwar ta koma gida da shi, ya tashi a ƙauyen Grojec kusa da Oświęcim, garin da duniya ta fi sani da Auschwitz. Zanen fenti ya fara karanta a makarantar fasaha ta Krakow, inda Tadeusz Kantor ya koyar da shi, kuma baje kolinsa na farko a 1967 na zane ne. A 1968 ya tafi Faris. Zaman da ya yi a Meziko a farkon shekarun 1970, inda ya ga manyan kawunan dutse na mutanen da, shi ya juya shi zuwa sassaƙa. Baje kolin da ya yi a gidan baje koli na La Hune a Faris a 1976 ya fito da sunansa, a 1979 ya je Carrara ta Italiya wajen marmara, a 1983 kuma ya buɗe ɗakin aikinsa a Pietrasanta, ɗan garin Italiya da ke cike da gidajen zubi da masassaƙan marmara. A Faris ya rasu ranar 6 ga Oktoba 2014, aka binne shi a Pietrasanta.

Abin da ya ɗauka daga Girka da Rum shi ne jikin mutum cikakke mai kyau, amma kamar yadda ake tono shi daga ƙasa: ba hannu, ba rabin kai, ga tsaga. Ya yi ta maimaita wannan har ƙarshen rayuwarsa. Eros Bendato da ke dandalin Krakow ƙaton kai ne kwance a gefe, naɗe da ƙyalle, yara suna shiga cikinsa suna leƙowa ta ido. Testa Addormentata yana Canary Wharf a Landan. Mutum-mutumin Ikaro yana kwance gaban haikalin Concordia a Agrigento ta Italiya tun baje kolin 2011. Ƙofofin tagulla na cocin Santa Maria degli Angeli a Rum, na 2006, nasa ne. A 2016, bayan rasuwarsa, an jera ayyukansa wajen talatin a kangon Pompeii, tsohon birnin Rumawa a Italiya. Bai kuma yar da buroshi ba, don akwai zanen bango guda biyu da ya yi a zauren majalisar garin Pietrasanta. Idon mai fenti ne ya sa launin tagullarsa ya zama rabin aikin, kuma a nan ne mai saye ya fi yin asara idan bai lura ba.

Ya kamata a faɗi wani abu a fili. Da yawa daga cikin masu karatu ba sa ajiye surar mutum a gida saboda addini, kuma wannan rubutu ba ya neman sauya musu ra'ayi. Waɗanda abin ya shafa su ne dillalan kayan fasaha, malaman sashen zane da sassaƙa a jami'o'i, masu gidajen baje koli, da masu zubin tagulla da ke son ganin yadda ake gama aiki a wata ƙasa.

Maganar lamba ita ce ta farko. A ƙa'idar Faransa, zubin da ake kira na asali ba ya wuce guda takwas masu lamba, da guda huɗu na mai aikin. Abin da ya haura haka, aiki ne mai kwafi da yawa, ko da mai shi ne ya ba da izini ya kuma sa hannu. Persée da Asclépios lambarsu a kan 1000 take, Centurione II a kan 1500, Tête Secrète kuma, wanda kamfanin Artcurial ya fitar, a kan 250. A jikin wasu Persée da Asclépios za a ga harafi kafin lambar, da HC a bayanta. HC a Faransanci na nufin kwafin da ba a yi don kasuwa ba, wato yana wajen lissafin waɗanda aka ware don sayarwa. Saboda haka kada wani ya ce maka dubu ɗaya cif ne a duniya. Idan dillali ya fara cewa wannan dama ce da ba za ta dawo ba, zaƙin baki ne. Wani zai fito, kuma mai haƙuri yana iya samun wanda ya fi kyau. Ƙaramar lamba ma ba ta nuna inganci, domin ba lallai ne a buga lambobin bisa jerin yadda aka zuba ba.

Don a gane jabu sai an san yadda ake zuba na gaskiya. Hanyar da aka saba ita ce ta narkar da kaki, dabarar da masu zubin Ife da Benin suka yi suna da ita tun ƙarnoni. Mai aikin zai gina surar da yumɓu, a mayar da ita filasta. A kan filastar ake shafa robar silikon, a tallafe ta da ɓawon filasta, ta zama mazubi. A cikin mazubin ake shafa narkakken kaki har kaurinsa ya kai milimita huɗu ko biyar, kuma kaurin kakin nan shi ne zai zama kaurin tagullar. Sai a ciro kakin a gyara layin haɗi da hannu, a liƙa masa sandunan kaki da za su zama hanyar shigar ƙarfe da fitar iska, a lulluɓe shi da kwaɓin da ke jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya fita ya bar gurbinsa. Tagullar, wadda mafi yawanta jan ƙarfe ne da ɗan kuza da tutiya, ana zuba ta tana da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200. Idan ta huce a fasa ɓawon, a yanke sandunan, a toshe ramuka, a bi da magagari da kurfi. Wannan aikin gamawa shi ne ke cin lokaci, kuma shi ne mai jabu ke yi wa ha'inci.

Mai jabu ba shi da filastar asali. Abin da yake yi shi ne ya sami tagulla ɗaya ta gaskiya ya ɗauki mazubi daga jikinta. Dokar Faransa ta 1981 ta wajabta a rubuta a jikin irin wannan cewa kwaikwayo ne, amma wanda ya yi niyyar cuta ba zai rubuta ba. Abu biyu ne ke tona masa asiri. Na farko, kaki yana tsukewa idan ya huce, tagulla ma haka, don haka kwafin kwafi yakan ragu da kashi biyu ko uku cikin ɗari. A tsayin santimita 38, wannan ya kai wajen milimita takwas zuwa goma sha ɗaya. Sai dai awon da ake rubutawa a littafin gwanjo sau da yawa kintace ne, don haka kada a dogara da shi. A nemi awo tsakanin wurare biyu takamaimai, misali faɗin gurbin ƙirji ko daga haɓa zuwa bakin ƙasa, a gwada da na wanda aka tabbatar da shi. Na biyu, komai yana dusashewa. Layin leɓe, kusurwoyin gurbin ƙirji, da haruffan sunan MITORAJ duk sukan zama kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Lambar da aka buga da ƙarfe bayan zubi tana da baki mai kaifi. Wadda ta biyo mazubi kuwa bakinta a dakushe yake, kuma duk kwafin da ya fito daga mazubin nan lamba ɗaya zai ɗauka. Shi ya sa yake da amfani a bincika sakamakon tsofaffin gwanjo a intanet: idan lamba ɗaya ta fito sau biyu da launi daban ko dutse daban, a tsaya.

Akwai jabun da bai kai wannan wahala ba. Wani garin tagulla ake kwaɓawa da roba mai daskarewa. Wannan ba shi da nauyi, ba shi da sanyin ƙarfe a tafin hannu, kuma idan aka ƙwanƙwasa shi da farce ba ya amsawa. Wani tutiya ce aka rina, wadda idan aka duba wurin da ya goge a ciki za a ga fari-fari maimakon ruwan ɗorawa ko ja. Maganaɗisu ba ya kama tagulla, don haka idan ya manne a jikin surar, baƙin ƙarfe ne. Ya kama sandar da ke riƙe ta ko notin ƙasa, wannan ba komai. A juya bayan a haska da tocila. Kaurin ya kamata ya zo kusan ɗaya ko'ina. Ƙuraje-ƙurajen ƙarfe a lunguna da ƙananan ramuka masu yawa kamar na allura alama ce ta zubin gaggawa, wanda iska ta maƙale a ciki.

Abin da ya fi rikita sabon mai saye shi ne bambanta karayar da Mitoraj ya yi da karayar da faɗuwa ta yi, tunda aikin da kansa a karye aka tsara shi. Yatsa ne ke raba gardama. Bakin da aka yanke da gangan an bi shi da magagari, ba ya yankar hannu, kuma launin yana bin sa har ya zagaya baya ba tare da yankewa ba. Inda aka buga kuwa, za a ga ƙarfe yana ƙyalli, ko bakin ya lanƙwashe ciki, ko ya baje. Saman fuska da gefen kafaɗa su suka fi shan wannan, domin su ne sirara kuma su ke fara taɓa ƙasa. Wanda aka yi wa walda aka rufe da fenti, fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita takan nuna wurin da launi daban.

Launin nan, wanda masu sana'ar ke kira fatina, ba fenti ba ne. Ana ɗumama tagullar da wutar gas, a riƙa shafa mata ruwan sinadari da buroshi, sinadarin ya ci fatar ƙarfen ya sauya mata launi. Sinadarin jan ƙarfe yana ba da kore, na baƙin ƙarfe yana ba da ruwan ƙasa mai ja-ja, na farar wuta kuma yana kai ta kusan baƙi. Daga ƙarshe a rufe da kaki. Persée da Asclépios suna zuwa da kore da kuma ruwan ƙasa. Mu mun fi ganin kyan koren, domin shi ne ke ba da kamannin abin da ya daɗe a ƙasa ko a teku, wanda shi ne abin da mai aikin ke nema. Amma kore mai kyau yana da zurfi, wani wuri duhu wani wuri haske, ana hango ƙarfen a ƙarƙashi. Wanda ya zo launi ɗaya sumul kamar bangon da aka yi wa fenti, a yi shakkarsa. Ruwan ƙasan ya fi haƙuri da hannu, sai dai yana saurin nuna gogewa a haɓa da leɓe da tudun ƙirji. Ɗan gogewa kaɗan na shekaru ba aibi ba ne. Sake launin gaba ɗaya kuwa yana rage daraja, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗa.

Dutsen ƙasa ba a cika damuwa da shi ba, alhali yana kawo matsala. Sanda ce ta ƙarfe ke haɗa surar da shi, nauyin kuma a sama yake, don haka idan notin ya saki sai ta riƙa rawa, ramin dutsen ya riƙa faɗaɗa. Tarabatin dangin farar ƙasa ne, yana shan mai da ruwan shayi, kuma duk abu mai tsami yana cin sa. Wasu ana sayar da su ba dutse, wasu da dutsen da aka sauya. Wannan ba ya sa tagullar ta zama jabu, amma hujja ce ta neman ragi.

Kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne kuɗin da za a biya ba. Gidajen gwanjon Turai suna ɗora la'ada a kan mai saye, galibi kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Akwai kuma haƙƙin magadan mai aikin, wanda ke aiki har shekara 70 bayan rasuwarsa: kashi huɗu a Faransa, biyar a Polan, a kan kayan da ba su wuce Yuro 50,000 ba. Wani wuri mai sayarwa ke biya, wani wuri mai saye, sai an karanta sharuɗɗan gidan. A matsayin misali kawai, idan an buga a Yuro 8,000, la'adar kashi 28 ta zama 2,240, haƙƙin kashi biyar 400, jimla 10,640, tun ba a yi maganar akwati da inshora da jirgi da kwastan ba. Dokokin fitar da kayan fasaha a ƙasashen nan sun fi sa ido kan abin da ya haura shekara 50, don haka na 1986 da 1988 ba su shiga ba tukuna, amma Tête Secrète zai cika hamsin a 2028. Kada a yi cinikin biri a sama. A nemi rahoton lafiyar kayan a rubuce, da hoton baya, da hoton sa hannu da lamba daga kusa, da nauyinsa a kan sikeli, da tarihin hannayen da ya bi. Masu kula da gadon Mitoraj suna nan a Pietrasanta, kuma idan kuɗin ya yi nauyi ya dace a tuntuɓe su. Wajen ɗauri, a kwance tagullar daga dutsen, kowanne a naɗe shi daban. Idan aka bar su a haɗe, jijjigar hanya takan lanƙwasa sandar ko ta fasa dutsen daga ramin.

Idan kayan ya iso ƙasarmu, babban abokin gabarsa shi ne mai son ya ga yana ƙyalli. Lemun tsami, tsamiya, toka da Brasso, waɗanda muke wanke tasoshin tagulla da su, cikin minti kaɗan za su cinye launin da aka biya kuɗi dominsa, kuma ba ya dawowa. Bushewar hunturu ba ta cutar da tagulla, amma ƙurarsa tana da yashi, idan aka goge da tsumma sai ta karce kakin. A kaɗe ta da buroshi mai taushi. Hayaƙin turaren wuta yana barin danƙo a jiki, ƙura ta manne a kai, don haka a nisanta shi da kasko. Gumin hannu yana da gishiri, a ɗauke shi da safar hannu. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, a shafa masa kakin adana kayan tarihi irin su Renaissance Wax, shafa ɗaya siririya, a bar shi ya sha iska, a goge da auduga. Kaki mai yawa yana taruwa a lunguna ya yi fari.

Damina da iskar bakin teku, irin ta Legas ko Kwatano, su ke tayar da ciwon tagulla. Gishirin da ya maƙale a ƙarfen ne ke haɗuwa da laima, sai a ga wani gari kore mai haske yana tsirowa kamar ƙuraje, idan aka kaɗe ya dawo bayan 'yan makonni, yana cin rami a ƙarƙashi. A jikin mai launin kore yana da wuyar gani, sai an duba baya da wajen sandar. Rufe shi da kaki kitso ne da ƙwarƙwata. A kai shi wuri busasshe, a sa shi a akwati da buhunan sinadarin tsotse laima, a nemi ƙwararren mai gyaran kayan tarihi.

Inda ƙananan nan suka gaza shi ne girma. Ƙarfin Mitoraj yana fitowa ne idan mutum ya tsaya kusa da fuskar da ta fi shi tsayi, a fili, rana tana zagaya ta. A kan teburi wannan yana raguwa, kuma nan ne masu sukarsa, waɗanda ke cewa aikinsa ya cika kyau har ya koma ado, suke samun abin faɗa. Persée da Asclépios ta gaba kawai ake kallonsu, bayan ba abin kallo ba ne, don haka wurinsu kusa da bango, a tsayin ido, haske yana zuwa daga gefe ɗaya don gurbin ƙirjin ya yi inuwa. Fitilar sama kai tsaye tana kashe su. Centurione II ya fi sauƙin kuɗi amma ya fi kowanne kama da kayan tsaraba, kuma ƙanƙantarsa ta sa ya fi sauƙin kwaikwaya. Wanda ke son guda ɗaya kawai, shawararmu Persée ko Asclépios mai kore, da dutsensa na asali da takardunsa. Wanda ya sami Tête Secrète mai tarihi a bayyane kuma aljihunsa ya kai, shi ya fi su duka, domin an tsara shi ne a wannan girman tun asali, ana juya shi a hannu a kalle shi ta kowane gefe, kuma kwafinsa 250 ne kawai.